Gandun Argin na Muritaniya: Abin da Baƙo Ke Gani da Haƙƙin da Ke Kansa



Gabatarwa

Idan aka ambaci gandun daji a ƙasar Hausa, abin da kan fara zuwa a zuciyar mai sauraro shi ne Yankari, da duhun itatuwansa, da giwaye, da ɓauna, da gwanki, da ruwan Wikki mai ɗumi. Wannan lacca za ta yi magana ne a kan wani gandu dabam, wanda rabinsa hamada ce, rabinsa kuwa teku. Babu inuwar da matafiyi zai fake a cikinsa, ruwan sha ma sai an kawo daga nesa, amma duk da haka yana cikin wuraren da masana halittu suka fi girmamawa a duniya. Gandun yana gaɓar Muritaniya ne, ƙasar nan da malaman ƙasar Hausa suka daɗe da sani da sunan Shinƙiɗi. A taswira an rubuta shi Banc d'Arguin, watau tudun rairayin Argin da Faransanci, amma a nan za a riƙa kiransa Gandun Argin.

Abin da laccar ke son tabbatarwa abu ɗaya ne. Arzikin wannan wuri ya ɗore ne saboda abubuwan da mutane suka yarda su haƙura da su: gwamnati ta haƙura da wani kuɗin shiga, masuntan wurin sun haƙura da jirgi mai inji, baƙo kuma ana neman ya haƙura da gaggawa. Wanda ya je yawon buɗe ido bai san wannan ba, zai yi kallo ya dawo bai ga komai ba, wataƙila ma ya bar ɓarna a bayansa. Domin a fahimci haka, za a duba yanayin wurin, da tarihinsa a taƙaice, da tsuntsayensa, da mutanensa, sa'an nan a zo ga ziyarar kanta.

Yanayin Wurin

Gandun Argin yana bakin Tekun Atilantika, tsakanin Nuwakshot, babban birnin ƙasar, da Nuwadibu, tashar jiragen ruwa ta arewa. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 12,000 ne, kuma ya ɗauki kusan sulusin gaɓar ƙasar baki ɗaya. Ta gabas rairayin Sahara ne ke gangarowa har cikin ruwa. Ruwan saman da kan sauka a shekara ba ya kai milimita 50, wata shekarar ma ba a ganin ko ɗigo. Ta yamma kuwa teku ne marar zurfi, wanda a wurare da yawa bai wuce mita 5 ba, cike da tsibirai. Mafi girma a cikinsu shi ne Tidira, sa'an nan akwai Argin wanda gandun ya ci sunansa, da Nair, da Arel, da wasu ƙanana.

Mai sauraro zai iya tambaya, me ya kawo arziki a irin wannan busasshen wuri? Ruwa ba ya tsami banza. Dalili na farko iska ce. Kusan duk shekara iskar arewa na kaɗawa a wannan gaɓa, tana tura ruwan da ke sama zuwa tsakiyar teku, sai ruwa mai sanyi na can ƙasa ya taso ya maye gurbinsa, ɗauke da sinadaran da ƙananan halittun ruwa ke rayuwa a kansu. Waɗannan halittu su ne abincin ƙananan kifaye, su kuma manya su ci su. Abin da ya sa ke nan tekun Muritaniya yake cikin mafiya yawan kifi a duniya.

Dalili na biyu shi ne cikar teku da janyewarsa. Sau biyu a yini da dare teku kan cika, ya kuma janye. Da yake gaɓar shimfiɗaɗɗiya ce, idan ruwa ya janye sai fili mai laka na kusan murabba'in kilomita 500 ya bayyana, galibinsa lulluɓe da wata ciyawa da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. A ƙarƙashin wannan ciyawa akwai tsutsotsi, da kaguwa, da ƙumba iri-iri, watau ƙananan halittun nan masu ɓawo biyu. Nan ƙananan kifaye ke ɓuya har su girma su fita babban teku, nan kuma kunkurun teku ke kiwo, wasu daga cikinsu daga tsibiran Gini-Bisau suke zuwa bayan sun yi ƙwai. Ashe ke nan wannan laka, wadda baƙo zai ɗauka ƙazanta ce, ita ce rumbun wurin duka.

Tarihi a Taƙaice

Mutane sun daɗe a wannan gaɓa. Har yanzu akwai tuddan ɓawon ƙumba masu tsawon gaske, waɗanda mutanen dā suka tara shekaru dubbai da suka wuce, a zamanin da Sahara ke da ruwa da ciyawa. Amma labarin da aka rubuta ya fara ne da zuwan Turawa. A 1443 wani matuƙin jirgin ruwa na Fotugal, Nuno Tristão, ya iso Argin. A shekarar da ta biyo, 1444, jiragen Fotugal suka kai hari tsibiran Nair da Tidira, suka kama mutane, aka raba 235 a garin Lagos na ƙasar Fotugal, wanda bai kamata a ɗauke shi Legas ta Nijeriya ba. Wannan na cikin farkon cinikin bayin da Turawa suka yi ta teku daga Afirka. Bayan 'yan shekaru suka gina ganuwa a tsibirin Argin, suna sayen bayi da zinariya da ƙaro. Daga baya ganuwar ta riƙa sauya hannu tsakanin mutanen Holan, da Jamusawan Barandanbag, da Faransawa, galibi saboda cinikin ƙaro, har Faransawa suka rushe ta a 1728. Ya kamata baƙon da ya ga kyan tsibiran nan ya tuna da abin da aka aikata a kansu.

Rashin zurfin ruwan ma ya bar nasa labari. Ranar 2 ga Yuli, 1816, wani jirgin ruwan Faransa mai suna Méduse, wanda ke kan hanyarsa ta zuwa Sanagal, ya kafe a rairayin Argin saboda sakacin shugabansa. Aka ɗora mutum kusan 150 a kan katakan da aka ɗaɗɗaure, aka bar su a teku. Bayan kwana 13 aka tsinci 15 kawai da rai. Zanen da Théodore Géricault ya yi na wannan masifa, wanda aka nuna a 1819, yana nan a gidan tarihi na Louvre a Paris. Wannan haɗari da ke tsorata manyan jirage shi ne kuma ya tsare wurin shekara da shekaru, domin ba mai iya ratsa shi sai wanda ya san hanyoyin ruwansa.

A 1976, zamanin Shugaba Mukhtar Wuld Dadda, gwamnati ta ayyana wurin a matsayin gandun ƙasa, bisa ga shawarar masana, musamman Théodore Monod, Bafaranshen nan da ya ƙare rayuwarsa yana binciken Sahara. A 1982 aka sa shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, a 1989 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya. A shekara ta 2000 aka yi masa doka ta musamman. Abin lura a nan shi ne, ƙasar da ta yi wannan ba mai wadata ba ce, kuma kamun kifi na cikin manyan hanyoyinta na samun kuɗin waje, tare da ma'adinin ƙarfe. Duk da haka ta rufe wannan yanki ga jiragen kamun kifi masu inji.

Tsuntsaye

Bahaushe ya san tsuntsu mai ƙaura, domin yana ganin shamuwa ta zo da damina ta tafi da kaka. Abin da ke faruwa a Argin irin wannan ne, sai dai tafiyar ta fi nisa, yawan kuma ya fi ƙarfin ido. Lokacin da sanyi ya rufe arewacin duniya, tsuntsayen bakin ruwa da suka yi ƙwai a Saberiya, da arewacin Turai, da Girinlan, sukan biyo gaɓar Atilantika su yo kudu. Ƙidayar da masana daga Holan suka yi a farkon 1980 ta samu fiye da miliyan 2 a Argin, abin da ya sa aka san shi a matsayin babban masaukinsu a duk wannan hanya. Galibinsu ƙanana ne masu launin toka, masu dogayen ƙafafu da siraran bakuna, kowane iri da tsawon bakinsa, saboda haka kowa da zurfin da yake kai wa cikin laka, ba sa cin abincin juna sosai.

Ban da waɗannan baƙi, akwai 'yan gida da ke yin sheƙa a tsibiran, inda dila ba ya iya kai wa. Akwai kwasa-kwasa, da zalɓe, da filamingo, wani dogon tsuntsu mai jaja-jajan gashi da lanƙwasasshen baki, da kuma wani fari mai baki kamar cokali. Zalɓen Argin da mai bakin cokalinsa wani reshe ne na musamman, wanda a wannan gaɓa kaɗai yake yin ƙwai.

Labarin tsuntsu ɗaya ya isa ya nuna yadda rayuwar nan take a kan siraɗi. Akwai wani ɗan tsuntsu da Turawan Ingila ke kira not, wanda girmansa bai kai na kurciya ba. Yana ƙyanƙyasa a yankin Taimir na arewacin Saberiya, kimanin kilomita 9,000 daga Argin. A kan hanya yana yada zango a Tekun Wadan, gaɓar da Holan da Jamus da Denmak suka yi tarayya a kanta. Tsakanin Wadan da Argin akwai fiye da kilomita 4,000, kuma da yawa sukan ratsa su ba tare da sun sauka ba. Guzurinsa kuwa kitsen jikinsa ne, wanda yake tarawa cikin makonnin da ke gaban tashinsa, wajen ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu.

A 2016 mujallar kimiyya ta Science ta buga wani bincike a kan wannan tsuntsu. An gano cewa cikin shekara 30 ƙanƙarar Taimir ta koma narkewa da wuri da kimanin mako biyu, saboda ɗumamar duniya. Ƙwarin da 'yan tsakin ke ci sai su fito da wuri, kafin a ƙyanƙyashe su, don haka 'yan tsakin kan tashi ƙanana, da gajeren baki. Idan suka iso Argin, gajeren bakin ba ya kai wa ga ƙumbar da ke can cikin laka, sai su koma cin saiwar ciyawa, wadda ba ta ƙosarwa, kuma da yawansu ba sa kai shekara. Watau abin da ya faru a Saberiya, a Muritaniya ake ganin sakamakonsa. Ƙidayoyin da aka yi bayan ta 1980 sun nuna cewa yawan tsuntsayen da ke zuwa ya ragu. Saboda wannan dangantaka ne hukumomin Tekun Wadan da na Argin suka ƙulla yarjejeniyar aiki tare a 2014.

Mutanen Wurin

Ba a kori kowa ba lokacin da aka kafa gandun. A cikinsa akwai Imiragen, masunta Musulmi masu magana da Larabcin Hassaniyya. Yawansu bai kai 2,000 ba, a ƙauyuka da ba su kai goma ba, kamar Mamgar ta kudu, da Iwik, da Taishot, da Arkes. Su kaɗai doka ta yarda su yi su a ruwan gandun, da sharaɗin cewa ba za su sa inji ba. Jiragensu na katako ne masu tafiya da iska, kowane da babban ƙyalle mai kusurwa uku, kuma asalin ƙirarsu daga masuntan tsibiran Kanari aka gaje ta. An ƙayyade yawan jiragen, ɗari da 'yan kai ne, ba a ƙarawa, sai dai a gyara tsoho ko a maye gurbinsa.

Sun shahara da wata irin su ta ƙafa. Daga wajen Oktoba zuwa Janairu wani kifi da Faransawa ke kira mule yakan biyo gaɓar garke-garke ya nufi kudu. Mai gadi ya hau tudu yana duban launin ruwa. Da ya ga alamar garke sai maza su shiga ruwa da koma rataye a kan sanda bisa kafaɗa, su kewaye kifin. A da, wani kan bugi ruwa da sanda, ƙarar ta jawo dolfin, wata dabbar teku mai siffar kifi amma tana shayar da 'ya'yanta nono, su kuwa dolfin su koro garken zuwa bakin gaɓa, mutum ya samu, dabba ta samu. Masana sun ga wannan da idonsu sun rubuta, amma yanzu da wuya a gan shi, don haka kada baƙo ya tafi da tsammanin za a nuna masa.

Idan kifi ya hau tudu, aiki ya koma hannun mata. Su ne ke tsaga shi su shanya, su tafasa kawuna su fitar da mai, su kuma cire ƙwan cikinsa su sa gishiri su busar. Wannan busasshen ƙwai yana da tsada ƙwarai a kasuwannin ƙasashen Bahar Rum. Mutanen hamada kuwa sun saba zuwa ƙauyukan a lokacin kamun, su zauna makonni suna cin kifi da mansa domin neman lafiya.

Kada a ɗauka zaman ya tafi sumul. Daga shekarun 1980 'yan kasuwa suka zo neman fiffiken kifin shak, wanda ake sayarwa da tsada a Asiya. Suka ba masunta bashin taru, masunta suka juya ga wannan kamu, alhali kifin shak ba ya haihuwa da yawa, kuma yana daɗewa kafin ya balaga. Sai da aka yi shekaru ana zama tsakanin hukumar gandu da wakilan ƙauyuka kafin a 2003 a yarda a daina, aka karɓi tarunan aka biya masu su diyya. Har yanzu maganar ba ta mutu sarai ba, domin mai iyali da ke ganin kuɗi a ruwa ba ya rasa hujja. Amma darasin a fili yake: dokar da aka zauna da mutane aka yi ta fi wadda aka aiko musu daga ofis daɗewa.

Ziyara

Kafin a gama titin kwalta na Nuwakshot zuwa Nuwadibu, mai tsawon kilomita 470, wajen 2005, matafiya kan bi bakin teku ne da mota lokacin da ruwa ya janye, wanda ya yi lattin lissafi kuwa teku ya cinye motarsa. Yanzu ana bin kwalta zuwa garin Shami, wanda ke kusan tsakiyar hanya, daga nan a ratse yamma cikin rairayi, ko kuma a shiga ta kudu ta Mamgar. Ba a shiga sai da mota mai jan ƙafa huɗu, da ja-gora wanda ya san hamada, da takardar izini wadda ake biyan kuɗinta bisa ga yawan mutane da kwanaki. Ruwan sha da man mota da magunguna duk sai an yi guzurinsu. Masauki tanti ne irin na mutanen hamada, a sansanonin da mutanen ƙauyuka ke kula da su, abinci kuwa kifi ne da shinkafa, da shayi kofi uku, wanda ba a sha a tsaye.

Wanda ke son ganin baƙin tsuntsaye ya tafi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da suka cika kuma zafi ya yi sauƙi. Ya tafi da rigar sanyi, domin iskar dare a bakin wannan teku tana ratsa ƙashi. Amma sanin wata bai isa ba, sai an san sa'a. Lokacin da ruwa ya janye tsuntsaye kan watsu cikin laka, nesa da ido, ba a ganin komai sai ɗige-ɗige. Sai ruwa ya fara dawowa yake koro su sannu-sannu, har su taru dubbai a kan ɗan tudun da ya rage. Saboda haka mai kallo kan zauna ne tun sa'a biyu kafin cikar teku, da madubin hangen nesa, rana a bayansa, ya bari ruwa ya kawo masa su. Lokacin cikar yana jinkirta da kimanin minti 50 kowace rana, kuma ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Wanda ya saba lissafin watan Musulunci ba zai sha wahalar wannan ba.

Babban abin ziyarar shi ne fita cikin jirgin Imiragen, galibi daga Iwik. Matuƙin ne ke faɗin lokacin tashi, shi ma ruwa da iska ne ke faɗa masa. Da yake babu inji, babu ƙara sai ta ruwa a jikin katako, don haka jirgin kan matso kusa da filamingo da kwasa-kwasa ba su tashi ba, wani lokaci dolfin su biyo shi. Idan shaho ya ratso, sai dubban ƙananan tsuntsaye su tashi gaba ɗaya, su juya kamar hayaƙi, su yi fari su yi duhu gwargwadon yadda suka ba rana ciki ko baya. Gani ya kori ji. Idan kuma iska ta kwanta, ko ruwa ya janye ya bar jirgin a kan laka, sai a dafa shayi a jira. Baƙon da ya tsara komawa masauki da ƙarfe kaza, ranar zai koyi abin da ake nufi da mahaƙurci mawadaci.

A tudu ma akwai abin yi. Wajen Arkes akwai tsaunin Tafarit da ke kallon teku, inda ake hawa a hangi gaɓar, a yi iyo, a yi tafiyar ƙafa. Da sassafe ana ganin sawun dila da yanyawa a rairayi, a tsibirin Tidira kuwa akwai sauran barewa, waɗanda ruwa ya tsare daga mafarauta. Wanda ya zarce Nuwadibu zai iya zuwa tsinin ƙasar da ake kira Ras Nuwadibu, inda aka keɓe wani wuri a 1986 domin wata dabbar teku mai kama da ayu, wadda Turawa ke kira sil. Irin wannan sil na cikin dabbobin da suka fi ƙaranci a duniya, kuma a 1997 wata annoba ta kashe kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke wannan gaɓa, ko da yake sun farfaɗo daga baya.

Ladubban wurin kaɗan ne, amma kowane da dalilinsa. Ba a sauka a tsibiran da tsuntsaye ke sheƙa, domin uwa in ta tashi daga kan ƙwai, rana da tsuntsaye masu cin ƙwai ba sa jira. Ba a korar garke domin a ɗauki hoton tashinsa, domin duk tashin banza kitse ne ya ƙone, kitsen nan kuwa shi ne guzurin Saberiya. Ba a barin leda ko gwangwani, ba a kwasar ɓawo ko kayan mutanen dā daga tuddai, ba a kuma ɗaukar hoton mutane, balle mata, sai da izininsu. Kuɗin jirgi da na tanti da na ja-gora kuwa kada a tsananta ciniki a kansu. Wannan kuɗi na cikin abin da ke sa masunci ya ga amfanin zama da jirgi marar inji. Baƙo raɓa ne, gobe zai tafi, su ne za su zauna da abin da ya bari.

Abubuwan da Ke Barazana

Gandun ba shi da katanga, kuma galibin abin da ke barazana gare shi daga waje yake zuwa. A bakin iyakarsa ta teku manyan jiragen ƙasashen waje da dubban kwale-kwale masu inji suna kamun kifi, wasu kuma kan saci jiki su shigo da dare, don haka kullum sai an yi sintiri. Garin Shami, wanda aka kafa a 2012, ya cika da jama'a tun daga 2016, lokacin da aka shiga rububin haƙar zinariya, kuma masu wanke zinariyar suna amfani da zaiba, wadda guba ce da iska kan iya kai wa teku. Akwai kuma neman mai da gas a tekun ƙasar, da jiragen dakon mai da ke wucewa. A wuri marar zurfi irin wannan, malalar mai sau ɗaya ta isa ta kashe ciyawar da komai ya dogara a kanta. Daɗin daɗawa, hawan ruwan teku na cinye ƙananan tsibiran da ake sheƙa a kansu.

Tsaro kuwa kuɗi yake ci. Domin kada aikin ya dogara ga kasafin shekara-shekara kaɗai, a 2009 aka kafa wani asusun amana mai suna BACoMaB. Gwamnatin Muritaniya ta zuba masa wani kaso na kuɗin da Tarayyar Turai ke biya domin izinin kamun kifi, Jamus da Faransa da wasu masu taimako suka ƙara. Ana juya uwar kuɗin, ribar ce ake kashewa a kan sintiri da bincike. Hujjar a fili take: kifin da ake kamawa a babban teku, da yawansa a Argin ya girma, saboda haka wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa Gandun Argin alkawari ne tsakanin gwamnati, da masunta, da baƙi, har da ƙasashe masu nisa waɗanda tsuntsayensu ke cin abinci a can. Duk wanda ya saɓa nasa ɓangaren, sauran za su ji a jikinsu. Ga ɗalibi, wurin makaranta ce da ke nuna yadda iska da laka da tsawon bakin tsuntsu suke ɗaure da juna, abin da littafi kan faɗa amma ba ya iya nunawa. Ga ma'aikacin gwamnati kuwa, darasin ya fi kusa da gida fiye da yadda ake zato. Dausayin Haɗeja da Nguru ma masaukin tsuntsayen Turai ne a lokacin sanyi, kuma a can ma akwai masunta da manoma da makiyaya waɗanda abincinsu ke cikin ruwan da ake son tsarewa. Tambayoyin da Muritaniya ta fuskanta su ne za su fuskanci duk wanda aka ba amanar irin wannan wuri: wa zai haƙura da me, wa zai biya shi, kuma an zauna da shi kafin a yanke?

Wanda Allah ya ba ikon zuwa Argin, ya tafi da ruwansa, da madubinsa, da lokaci isasshe, ya bar matuƙin jirgi ya faɗa masa sa'ar tashi.